Zafi, ƙura da ambaliya: yadda za ka tsare lafiyar gidanka a Sakkwato yanzu da yanayi ya sauya

Mutumin Sakkwato ba baƙon zafi ba ne. Da shi muka tashi, har idan baƙo ya zo daga Jos yana fifita da hula a watan Fabrairu, dariya muke yi mu ce ya bari Afrilu ya kama. To amma ko dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 da idonsu suna cewa abin ya sake salo. A da, in an sha rana, dare yakan rama wa mutum: ka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, kafin asuba har ka lalubi mayafi. Yanzu sai ƙarfe biyun dare ta yi bango na huci kamar tukunyar da aka sauke daga murhu.

Ba mitar tsufa ba ce. Hukumar kula da yanayi ta duniya ta ce tun da aka fara ajiye lissafi ba a taɓa shekara mai zafin 2024 ba, ta ɗara zamanin kafin masana'antu da kimanin digiri 1.55 a ma'aunin Salshiyas. Hayaƙin fetur da gas da kwal, haɗe da saran daji, shi ke taruwa a sama ya zama kamar bargo, zafin rana ya shigo ya rasa hanyar fita. Kasonmu a wannan hayaƙi bai taka kara ya karya ba, amma a rabon wahalarsa muna sahun gaba. A farkon Afrilun 2024, ana cikin azumi, garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi ƙiyasin cewa tsakanin 2030 da 2050 sauyin yanayi zai riƙa ƙara mace-mace kusan 250,000 a duk shekara, ta hanyoyi huɗu: tamowa, zazzaɓin cizon sauro, gudawa da bugun zafi. Duba jerin nan da kyau, babu baƙo ko ɗaya a ciki. Sauyin yanayi bai zo mana da sabuwar cuta ba, tsofaffin da muka sani ya ƙara wa ƙarfi, ya kuma rikita musu lokacin zuwa. Shi ya sa wannan jagora ke bin shekara daki-daki, kowane shiri a yi shi wata guda kafin lokacinsa.

Mataki na farko: ƙirga mutanen gidanka

Ɗauki takarda da biro, ba a ka za ka riƙe ba. Rubuta waɗanda yanayi ke fara kayarwa: jarirai da yara 'yan ƙasa da shekara 5, tsofaffi, masu juna biyu, masu hawan jini, ciwon suga, ciwon ƙoda ko na zuciya, masu sikila da masu asma. Sai masu neman abinci a ƙarƙashin rana, wato ɗan kabu-kabu, ɗan ga-ruwa, leburan gini, mai dako a kasuwar Kara. Kada ka manta da wadda ke yini a gaban murhu, domin ita rana biyu take sha, ta sama da ta ƙasa, kuma ba kasafai ake sa ta a lissafi ba.

A gaban kowane suna rubuta maganin da yake sha. Wasu magungunan hawan jini suna sa yawan fitsari, su rage ruwan jiki a lokacin da ake matuƙar buƙatarsa. Kada mutum ya daina sha da kansa. A ziyarar asibiti ta watan Fabrairu a tambayi likita yadda za a yi da su a bazara, musamman in za a yi azumi. A ƙasan takardar rubuta lambar mai mota ko mai Keke da za ka iya tasa da tsakar dare, ka liƙa ta a bayan ƙofa. Hukumar hasashen yanayi, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, tana kuma gargaɗi idan zafi ko ƙura za su tsananta. Gidajen rediyo suna karantawa. A bar rediyo a kunne.

Mataki na biyu: shirin bazara, tun a Fabrairu

A nan zan daɗe, domin zafi ya fi kowane kisan mummuƙe. Ambaliya kowa na ganinta, ana ɗaukar hoto. Wanda zafi ya kashe kuwa sai a ce hawan jini ne, ko tsufa, ko dai kwana ya ƙare.

Fara da rufi. Kakanninmu da suka yi soro da laka da azara ba rashin wayewa ya sa su ba: katanga mai kauri tana hana zafin rana kutsawa. Mu muka koma bulo da kwano, sau da yawa ba silin, muka mai da ɗakunanmu tanda. Idan da hali a sa silin, ko na kwali ko na tabarma ne. Idan babu, a shimfiɗa zana ko kara a kan kwanon, a danne da kyau don iskar farkon damina, a kuma nisanta shi da madafa da wayar lantarki saboda gobara. Farin fenti a kan kwano yana mayar da hasken rana, shi ma yana rage zafi sosai. Tagar da ke kallon yamma a yi mata rumfa daga waje, ya fi labule daga ciki. Da rana, lokacin da iskar waje ta fi ta ɗaki zafi, a rufe tagogi. Da dare a buɗe su duka.

Fanka tana da iyaka. Idan zafin ɗaki ya haura digiri 40, iskar da take kaɗawa ta fi jikinka zafi, ƙara gasa ka take yi. Dabarar ita ce a jiƙa jiki ko a yafa jiƙaƙƙen zane sannan a zauna a gabanta. A busasshen zafi irin namu ruwan na saurin bushewa, yana tafiya da zafin jiki. In ba wuta, jiƙaƙƙen zane da mafici sun isa su yi aikin.

Wannan hikimar ce a cikin randa. Wani malami ɗan Arewa, Muhammad Bah Abba, ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya: a sa ƙarama a cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, a ajiye a inuwa inda iska ke wucewa. Tumatir da alayyafo sukan ƙara kwanaki. Mai ciwon suga da ba shi da firji zai iya ajiye allurar insulin ɗinsa a ciki, a cikin kwalba mai murfi don kada ruwa ya taɓa ta. Sauran magunguna ma ba a barinsu a kan taga ko a aljihun mota.

Sai ruwan sha. Babba na buƙatar aƙalla lita 2 zuwa 3 a yini, wato ledar fiya-wata 4 zuwa 6. Mai aikin rana ya fi haka nesa ba kusa ba. Kada a jira ƙishirwa, musamman ga tsoho, domin tsufa na dakushe jin ƙishi. Ma'aunin da ba ya ƙarya shi ne fitsari: in ya yi fari-fari, lafiya, in ya yi ja kamar shayi kuma kaɗan, jiki ya bushe, ƙoda na wahala. Wanda likita ya ƙayyade wa ruwa saboda zuciya ko ƙoda, ya bi maganar likitansa. Fura da nono mai ruwa-ruwa, kunun zaƙi, zoɓo, ruwan tsamiya, kankana, duk suna taimakawa. Lemun kwalba mai tsananin zaƙi da abin shan nan na ƙara kuzari da 'yan kabu-kabu ke kwankwaɗa don su jure, ba sa maye gurbin ruwa.

Jaririn da bai kai wata 6 ba, nono kawai. Na san wannan magana tana tayar da ƙura tsakanin matan gida da surukai, "yaro na kuka da ƙishi a hana shi ruwa?" Amma mafi yawan nonon uwa ruwa ne, kuma tsaftatacce, ruwan randa kuwa yana iya zuwa da gudawa. Abin yi shi ne a yawaita ba shi mama, uwar kuma ta yawaita shan ruwa. A kula da goyo a ƙarƙashin hijabi mai kauri da tsakar rana, can ciki ya fi waje zafi. Ba a barin yaro a cikin mota a rufe, ko na shiga kanti a fito ne.

Aikin ƙarfi a tura shi safiya da bayan la'asar. Mai gida da ya ɗauki leburori, ya fara da su bayan asuba, a tsaya daga sha biyu zuwa huɗu, ya ajiye musu ruwa a inuwa. Ba alfarma ba ce, haƙƙi ne.

Yanzu alamomi. Akwai matakin galabaita: gumi sharkaf, jiri, ciwon kai, tashin zuciya, ɗaurewar jijiyar ƙafa, kasala. Wannan a kai shi inuwa, a kwantar, a ɗaga ƙafafunsa, a sassauta tufafi, a ba shi ruwa ko ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan. In rabin awa ta wuce bai farfaɗo ba, asibiti. Sai kuma bugun zafi na gaske, inda zafin jiki ke haura digiri 40 kuma ƙwaƙwalwa ta fara rikicewa. Wannan na gan shi da idona.

A azumin 2024, gwaggona, mai shekara saba'in da ɗoriya, ta ƙi ajiye azumi. Ɗakinta kwano ne ba silin, kuma ranar ba wuta tun dare. Bayan azahar aka ji tana magana ba kan gado, tana kiran mijinta da ya rasu shekaru da dama, tana neman takalmi wai za ta tafi gona. Nan take gida ya rabu biyu, wasu na cewa iska ce, har an aika a samo garwashi don turare. Maƙwabciyarmu, ma'aikaciyar jinya, ta shigo ta ɗora hannu a wuyanta, ta janye da sauri. "Wanga ba iskoki na ba, zahi na. Ku hiddo Gwaggo waje, ku kawo ruwa, ku kashe wutar ga!" Aka shimfiɗe ta a gindin dogon yaro, aka yi ta kwarara mata ruwan randa tun daga ka, yara biyu na fifita da faifai. Ƙanƙarar da aka saya don buɗa-baki aka fasa, aka naɗe a tsumma aka sa mata a wuya da hammata da matsematsi. A cikin Keke ma ba a daina jiƙa ta ba. Ta kwana biyu a asibiti, ta dawo tana yi mana faɗan an ɓarnatar da ƙanƙara.

Abin da maƙwabciyar ta yi shi ne ƙa'idar: sanyaya tukuna, nan take, kuma a ci gaba da sanyayawa a kan hanyar asibiti. Wanda hankalinsa ya gushe ba a ɗura masa ruwa a baki, zai shaƙe. A kwantar da shi ta gefe. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafin, kada a ɓata lokaci a kansa. Ruɗewa, faɗa ba dalili, tangaɗi, farfaɗiya ko suma a ranar zafi, a ɗauke su bugun zafi ne har sai asibiti ta ce ba shi ba ne. Addu'a ba ta hana zuba ruwa, a haɗa su. Game da azumi kuwa, aya ta 185 a Suratul Baƙara ta yi wa mara lafiya rangwame ya rama daga baya. Tsohon da ke da taurin kai, a samo malamin da yake jin maganarsa tun kafin wata ya tsaya. Ya fi jin ta daga bakinsa a kan bakin 'ya'yansa.

Mataki na uku: sanƙarau

Sakkwato na tsakiyar yankin da masana ke kira zirin sanƙarau, daga Senegal zuwa Habasha. Cutar na tashi ne a rani, ta yi ƙamari a Maris da Afrilu, ta lafa da saukar ruwa. Busasshiyar iska da ƙura suna raunata fatar cikin hanci da maƙogwaro, ƙwayar cutar ta samu ƙofar shiga jini, cunkoso a ɗaki kuma ya yaɗa ta daga numfashi zuwa numfashi. Duk abin da ya tsawaita rani ya ƙara ƙura, ya tsawaita kwanakinta. A 1996 ta kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 11,000. A 2017 ta dawo da nau'in C, ta kashe fiye da 1,100, kuma Zamfara da Sakkwato da Katsina ne suka fi jin jiki.

Abin lura a nan: rigakafin da aka fara yi a 2011 nau'in A kaɗai yake tarewa, shi ya sa bai hana ta'asar 2017 ba. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabon rigakafi mai tare nau'i biyar. Don haka kada wani ya ce ai an taɓa yi wa yaransa. Idan an yi shelar rigakafi a unguwa a kai su, a kuma duba katin kowane yaro, har da na ƙyanda, wadda ita ma rani ne lokacinta.

Alamomin sanƙarau su ne zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, sanƙarewar wuya, amai, ƙin haske. Ga jariri, maɗiga ta kumbura, ya ƙi mama, ya yi ta kuka mai ƙara ko ya yi laƙwas. Wannan ba ciwon "bari mu ga gobe" ba ne, ba kuma na kemis ba. Yana iya kisa cikin yini guda, wanda ya tsira a makare kuma yana iya rasa ji. A rage yawan masu kwana a ɗaki ɗaya, a bar iska na ratsawa. Malaman tsangaya su ne suka fi buƙatar jin wannan.

Mataki na huɗu: kafin ruwan farko, a watan Mayu

Mutane na mamaki, ana kukan hamada kuma ana kukan ambaliya. Ai uwarsu ɗaya. Iska mai zafi ta fi ɗaukar tururi, in ta tashi saki sai ta saki a lokaci guda. Binciken hotunan tauraron ɗan'adam da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu ƙarfi a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Ruwan da ya kamata ya sauka a mako uku sai ya sauka a dare ɗaya, a kan ƙasar da ta bushe ta ƙeƙashe. Wanda ya ga Satumbar 2010, lokacin da gulbin Rima ya cika ya batse, ya cinye ƙauyuka a Goronyo da maƙwabtanta, ya yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ba sai an yi masa bayani ba.

Ku haɗa gayya a layi ku yashe kwalbati tun ƙasa na bushe. Ledar fiya-watan da muka sha a bazara ita ce ke toshe ta a damina. A kwashe masai kafin ya cika. A ɗaga bakin rijiya da bulo, a yi mata murfi, a ware mata guga ɗaya da ba a ajiyewa a ƙasa. Ƙa'ida ita ce rijiya ta nisanci masai da mita 30, abin da gidajen cikin gari ba su da filinsa, don haka a ɗauka kawai cewa ruwan rijiya a damina sai an gyara shi. A duba gindin katangar laka, a yaɓe tsaga. Ɗakin da ya jiƙe ya fara rabuwa ba a kwana a cikinsa. Masu zama kusa da gulbi su haɗa takardu da katin asibiti da magunguna a leda ɗaya a rataye sama, su kuma san tudun da za su nufa tun kafin dare ya same su.

Gyaran ruwa hanya uku ne. A tafasa har ya yi minti ɗaya yana ɓararraka. Ko a sa sinadarin kulorin na ruwan sha daidai yadda aka rubuta a jikinsa, a jira minti 30. Ko, tun da rana ba ta yi mana rowa, a zuba ruwa mai haske a gorar roba garai-garai a kwantar a kan kwano na awa 6 a ranar da ba hadari. Alif yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayar cuta. Ruwa na iya yin garau yana ɗauke da kwalara. Randa ta samu murfi da moɗa mai dogon hannu, ba kowane yaro ya tsoma kofinsa da yatsunsa ba.

A 2021 kwalara ta kama sama da mutum 100,000 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 3,000, kuma Sakkwato na cikin jihohin da abin ya fi muni. Ba ƙwayar ce ke kisa kai tsaye ba, tsiyayewar ruwan jiki ne, wani lokaci cikin awanni. Saboda haka a sayi ƙunshin gishirin ORS da ƙwayar zink a ajiye tun a Mayu. In babu, a haɗa na gida: lita ɗaya na tsaftataccen ruwa, wato ledar fiya-wata biyu, cokalin shayi 6 na sukari a shafe, rabin cokalin shayi na gishiri. A ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri. A riƙa bayarwa bayan kowace gudawa. In an yi amai a jira minti 10 a ci gaba da cokali-cokali. Haɗin da ya kwana ya yini a zubar a haɗa sabo. Yaro ya sha zink ƙwaya ɗaya kullum na kwana 10 zuwa 14, rabi ga wanda bai kai wata 6 ba, kuma kada a janye masa nono ko abinci. Gudawa fara kamar ruwan wankin shinkafa, idanu sun zurma, fata in an tsunkula ba ta komawa, ko jini a bayan gida: a kama hanyar asibiti ana ba shi ruwan a hanya.

Bayan ruwa ya janye, a sa takalmi, a haska tocila kafin a sa hannu a rumbu ko tarin itace, domin macizai ma tudu suke nema. In an yi sara, ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaure tamau. A hana gaɓar motsi a ɗauki mutum zuwa asibiti. Yaran da ke wanka a kududdufi kuma, in aka ga jini a ƙarshen fitsari, tsargiya ce, tana da magani, ba alamar balaga ba ce.

Mataki na biyar: sauro

A ɗumi irin na daminarmu, ƙwan sauro na zama sauro cikin kwana 7 zuwa 10. To sau ɗaya a mako a zaga gida a kifar da duk abin da ya tara ruwa, tsohuwar taya, gwangwani, kaskon kaji, a cike ramin da aka ɗebi ƙasar gini. Inda ake noman rani a fadama, ko ruwan ambaliya ya kwanta, sauro ba ya tafiya da tafiyar damina. Gidan sauro ya zauna a ɗaure duk shekara, har a tsakar gida inda zafi ke koro mu kwana. Igiya da ƙusa huɗu ne kawai.

Masu bi gida-gida da maganin rigakafin damina na yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 suna zuwa sau ɗaya a wata. Na ranar farko a gabansu ake sha, na rana ta biyu da ta uku a hannun uwa ake bari, kuma a nan ake yin sakaci, a same shi a ƙarƙashin katifa bayan wata. Ba ya aiki sai an cika kwana ukun. Mai ciki ta je awo ta karɓi nata. Zazzaɓi kuma a yi gwajin jini kafin a sha magani, don ba kowane zafin jiki ne cizon sauro ba, mun dai ga biyu a sama. Allurar rigakafin cizon sauro ta fara a Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024. A riƙa tambaya a wurin awon yara.

Mataki na shida: rumbu da hannun yaro

Idan ruwa ya makara, ko ya ɗauke gero na tsaka da bununi, ko ya kwanta a kan shinkafar fadama, sakamakon ba ya tsayawa a gona. Yana bayyana ne a damtsen yaro a Yuli da Agusta, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai iso ba, ga gudawa ga zazzaɓi sun haɗu a kansa. Ma'aikatan lafiya na da ɗan tsiri mai launi uku da ake zagaya wa damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5. Kore lafiya, rawaya gargaɗi, ja kuwa, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani. Uwa na iya koyon awon cikin minti biyar. A kuma danna bayan ƙafafun yaro da yatsa. In gurbin ya zauna, wannan kumburi ba ƙiba ba ce. Madarar gyaɗar da ake bai wa masu tamowa magani ce, ta yaron ce shi kaɗai, ba ta rabawa ba, balle ta kai wa kasuwa.

A busar da zogale da rama da kuka a inuwa lokacin da suke banza, a daka a ajiye. Kunun yaro a zuba masa garin ƙuli-ƙuli ko na wake ko waken suya da ɗan mai, kada ya zama ruwan gero zalla. Hatsi da gyaɗa su bushe ƙayau kafin a zuba a buhu, a ɗora a kan katako. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna tana ɗauke da dafin da ke lalata hanta, kuma dahuwa ba ta kashe shi. A tsince a zubar, kada a ba kaji ma.

A riƙa leƙa bakin yaro mai rama, musamman bayan ƙyanda. Dasashi ya kumbura yana jini, baki na wari, kunci ya fara tasawa: farkon ciwon daude ke nan, wanda likitoci ke kira noma, mai cinye fuska cikin kwanaki. A wannan matakin maganin kashe ƙwayoyin cuta na tsayar da shi. Asibitin yara masu wannan ciwo yana nan cikin garin Sakkwato tun 1999, daga nesa ake zuwa nemansa, mu kuwa kuɗin Keke ne.

Damina ce kuma lokacin dashe. Shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta ƙaddamar a 2007 ya haɗa da jiharmu, kuma mutanen Illela da Gada da Tangaza sun fi kowa sanin dalili. Amma itacen da zai sanyaya ɗakinka shi ne wanda ka dasa a yammacin ɗakin. A dasa dogon yaro a Yuli, nesa kaɗan da katanga saboda saiwa, a kewaye shi da ƙaya don awaki, a mai da wurin alwala gindinsa.

Mataki na bakwai: hunturu

Ranar da hazo ya rufe gari, mai asma ya riƙe abin shaƙarsa a aljihu, ya rufe hanci da takunkumi ko rawani, a yayyafa ruwa kafin shara. Mai sikila ya sa rigar sanyi ya kuma sha ruwa da yawa, don sanyi da bushewar jiki duk suna tayar masa da ciwo, ga shi a hunturu ba a jin ƙishi. Yaron da ke tari, in numfashinsa na sauri ko ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki, ciwon huhu ne, asibiti.

Kaskon gawayi a ɗaki a rufe yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Janareta a zaure ko a gindin taga haka. Ciwon kai da jiri ga duk 'yan ɗaki a lokaci ɗaya, ita ce. A buɗe ƙofa, a fitar da kowa sarari, a kai su asibiti ko sun ce sun warware. A ɗumama ɗaki a fitar da kaskon kafin a kwanta.

A wannan lokacin ne kuma kara da zana suka fi samuwa, masu ginin tukwane ma ba a yi musu layi ba tukuna. Sayi na rufin da randar tun yanzu ka jingine, ka ciro takardar bayan ƙofa ka ƙara sunan wanda aka haifa bana.